Mastas a fannin abinci mai gina jiki: mi ake karantawa, kuma mi ake cikawa kafin a ba mutum shaida?

'Yar Argungu:

Salamu alaikum jama'a, da fatan mun wuni lafiya. Don Allah shawara nike nema wurin waɗanda sunka riga mu bin hanyar ga. Ni biyokemistiri na karanta a digirin farko, na fita da 2.2, na yi bautar ƙasa na ƙare, yanzu shekara huɗu ke nan ina aiki wani asibitin karkara nan Kebbi sashen yara masu tamowa, mu ke awon damtse da raba abincin nan na leda mai gyaɗa. Aikin ya shiga raina sosai har na ji ina son in yi mastas a fannin abinci mai gina jiki da tsara abincin majinyata, to amma duk wanda na tambaya sai ya ba ni magana daban, wani ya ce shekara ɗaya da rabi ce, wani ya ce in ɗaura ɗamarar shekara huɗu, wata ma cewa ta yi da biyokemistiri ba a ɗaukata sai na koma PGD tukuna, wato diflomar gaba da digiri. Kaina ya ɗaure wallahi.

Abin da nike son sani, waɗanne kwasa-kwasai ake yi a ciki, kuma mi da mi ake cikawa kafin a ce ka gama? Sannan ina da yara biyu ga aiki, anya zai haɗu? Na ƙarshe wanda shi ya fi damuna, in na gama zan iya zama dayatishiyan a babban asibiti, wato mai tsara ma masu ciwon suga da hawan jini abinci? Na gode, Allah shi saka da alheri.

Malamin Gusau:

Wa alaikumus salam Malama. Bari in ɗauki ɓangaren shiga da na aji tunda shi na fi sani, na bar sauran ga masu shi.

Maganar PGD ba gaba ɗaya take gaskiya ba. Galibi ana tura mutum PGD ne in babbar difloma ta HND gare shi, ko ya fita da digiri mai daraja ta ukku, ko kuma abin da ya karanta ya yi nisa da fannin. Biyokemistiri kuwa ɗan gida ne, a ABU Zariya ma karatun nutirishan ɗin na gaba da digiri a ƙarƙashin sashen biyokemistiri yake. Abin da za ki duba shi ne CGPA ɗinki, wato matsakaicin makin da kika fita da shi, don 2.2 faɗi gare ta, wasu makarantu na sa sharaɗin 3.0 cikin 5, to in naki bai kai ba nan ne PGD ke shigowa. Sai takardun da kin sani, kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi da kimiyya, shaidar bautar ƙasa, masu tsaya miki, da taransikirif, wato takardar sakamakon duk kwasa-kwasan da kika yi. Taransikirif ɗin nan ki fara nemansa tun yau tun kafin a buɗe sayar da fom, ya sha hana mutane rajista.

Wuraren da anka daɗe da sani da fannin akwai Jami'ar Ibadan, da Nsukka, da jami'o'in noma na Abeokuta da Umudike, nan arewa kuma ga Zariya ga BUK Kano. Ki shiga shafin makarantar gaba da digiri ta kowacce ki karanta da idonki, kada ki dogara da an ce.

Shi karatun aji yawanci zango biyu ne. Za ki haɗu da nutirishan na ɗan adam mai zurfi, da biyokemistirin abinci wanda ke dai bita ce gare ki, da hanyoyin auna lafiyar cimar mutum wato awon jiki da gwajin jini da duba alamomi da bin diddigin abin da mutum ya ci, da nutirishan na al'umma, da na uwa da yaro, da jinya ta hanyar abinci, da ilimin yaɗuwar cututtuka, sai ƙididdiga da dabarun bincike, sai samina inda za ki tsaya gaban malamai ki gabatar da wani batu su yi ta jifanki da tambaya. Akwai na dole akwai na zaɓi, kuma ana haɗa yunit ɗinsu da na kundin bincike a ce ga adadin da za ki cika, ya ɗan bambanta daga makaranta zuwa makaranta.

Abu guda da sabbin shiga ke mantawa, a wannan mataki 50 ce makin ci. 45 ɗin da munka riƙa murna da ita a digirin farko nan faɗuwa ce, sai ki jira wata shekara ki sake kwas ɗin. Kuma wanda ya fi kada mutane ba wani ba ne illa ƙididdiga, don haka ki nemi wanda zai koya miki SPSS, manhajar lissafin bayanan bincike, tun kina gida.

Maman Ikram (Birnin Kebbi):

Ƙanwata zo nan ki ji daga bakin wadda ta sha. Malam ya faɗi gaskiya duka, amma ajin nan da yake magana shi ne ruwan sanyin abin. Ni na ƙare kwasa-kwasaina cikin shekara ɗaya ba kariyoba ko ɗaya, na ce to ai an gama, ashe ko hannu ban wanke ba. Sai da na yi shekara ukku da wata bakwai kafin in riƙe takardata, kuma a ciki har da yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sauran kuwa rabi laifin tsari rabi laifina.

Ga yadda layin yake a inda na yi. Za a ba ki malami mai duba aiki, ku daidaita kan batu, ki rubuta furofozal, wato tsarin binciken da kike son yi, ki kare shi gaban sashe, ki kai shi kwamitin ɗa'ar binciken lafiya su ba ki takardar izini don mutane za ki taɓa kuma yara, sannan ki fita tattara bayanai, ki yi lissafi, ki rubuta babi biyar, ki kare a cikin gida, a saka kundin a manhajar Turnitin a ga ko kin kwafo aikin wani, a tura ma malamin waje daga wata jami'a ya karanta ya zo ya zaunar da ke, ki yi gyaran da ya ce, a ɗinke kundi da bango mai tauri, sai majalisar jami'a ta amince da sakamako. Wasu sassan ma sai kin nuna kin fitar da maƙala daga aikin. Kowane mataki cikin waɗannan yana da layin jira nashi, shi ya sa wanda ya ce miki shekara ɗaya da rabi bai yi ƙarya ba, abin da ke takarda ya faɗa, wanda ya ce huɗu shi ma abin da ya gani ya faɗa.

Inda na fi shan wuya fita ƙauye ne. Nawa binciken kan cimar yara 'yan wata 6 zuwa 23 ne, irin tambayar nan ta mi yaro ya ci daga jiya da safe zuwa yau da safe. A aji abin kamar wasa, malami ya zana tebur ya ce ki rubuta abinci da yawansa. Kin je gida kin tambayi uwa sai ta ce ya sha nono ya ci tuwo. Tuwo nawa? Ai tare sunka ci da yayyensa kwano guda. To ki gaya min yadda za ki raba malmala ɗaya tsakanin yara huɗu ki ce ga rabon auta. Dole na koma na sayi ƙaramin sikelin kicin, na riƙa yawo da ludayi da moɗa da kofin roba ina cewa nuna min iya inda kunun ya kawo. Sannan kin dawo kin buɗe teburin sinadaran abinci na Afirka ta Yamma da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar, akwai na 2012 akwai sabo na 2019, za ki samu gero da dawa da wake da zogale lafiya lau, amma ni hoce da kwaɗon tafasa irin na gidajenmu sai da na zauna da mata na auna kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya na yi lissafi da kaina. A ƙarshe malamina ya ce in rage buri in tsaya kan ma'aunin rukunin abinci, wato yaro ya samu aƙalla 5 cikin rukuni 8, da na san haka tun farko da na huta da wata biyu na wahala.

Sai shekarun yara. Ke da ke awon damtse kin huta, tef ne kawai, ƙasa da santimita 11.5 ja ne wato tamowa mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5 ruwan ɗorawa, ko ba ki san watan haihuwa daidai ba aikinki na tafiya. Amma in tsumburewa za ki auna, tsawo ne ake gwadawa da shekaru, kuma a wata ake lissafi, kuskuren wata ukku na iya mayar da lafiyayyen yaro tsumburarre a WHO Anthro, manhajar lissafin girman yara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ko ya ɓoye wanda ya tsumbure. Takardar haihuwa kuwa sai ki shiga gida goma ba ki ga biyu ba. In ɗan fari ne ma uwar ko sunansa ba ta faɗi sai kishiya ko kaka ta amsa mata. Haka munka zauna da wani dattijo da ungozoma munka tsara kalandar gari, sallar azumi, sallar layya, cirar albasa, shekarar da ruwa ya ci gada, da ita muke lalubo watan haihuwa. Malamin waje da ya zo bai tsaya kan komi ba kamar wannan, Allah ya so na sa kalandar a bayan kundi.

Kuma ki kula da lokacin fita. Ni izinina ya fito ana saura kwana goma azumi, kin san cimar gida duk canzawa take cikin azumi, dole na jira bayan salla, ina jira damina ta sauka hanya ta ɓaci kuma lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, abin da za ki samu a Agusta ba shi za ki samu bayan kaka ba. Duk wannan sai kin rubuta shi a kundi in ba haka ba a kama ki ranar difens, wato ranar kare kundi.

Batun yara da aiki, zangon aji dai sai kin nemi hutun karatu a rubuce, kada ki yarda da na baki wai oga ya ce ba komi, ogan na iya canzawa. Ana duba halartar aji kafin a bari ki zauna jarabawa. Ni na kai ƙaramar wurin mahaifiyata na tafi, na yi kuka a mota har Koko amma ya wuce. Zangon bincike shi kina iya yi daga gida, musamman ke da wurin aikinki ma fili ne na bincike.

Ɗan Yauri:

Hajiya tambayarki ta ƙarshe ita ya kamata ta zama ta farko, kuma na ga ba wanda ya taɓa ta. Ni dayatishiyan ne ina aiki asibiti, kuma ba zan ɓoye miki ba, mastas kaɗai ba ya mayar da mutum dayatishiyan. Hanyar da anka sani ita ce digirin farko a nutirishan da tsara abincin majinyata, sannan horon shekara ɗaya a asibitin da anka amince da shi ƙarƙashin manya, kana zagaya ɗakunan jinya, masu suga, masu ciwon ƙoda, waɗanda anka yi ma tiyata, yara, masu cin abinci ta bututun hanci, sannan ka yi rajista da ƙungiyar sana'a. Mai biyokemistiri da ya ɗora mastas a nutirishan ya zama masanin abinci mai gina jiki, yana iya koyarwa, yana iya aikin ma'aikatar lafiya ko ƙungiyoyin agaji ko bincike, amma zama a ɗakin masu wankin ƙoda kana ƙayyade ma mutum fotashiyam da ruwan da zai sha a yini wani horo ne daban, kuma kuskure a wurin rai ne.

Ba ina kashe miki gwiwa ba ne. Ina nufin kafin ki biya kuɗin fom ki je sashen abinci na asibitin koyarwa, Sakkwato na kusa da ke, ki samu shugaban sashen ki ce ga takarduna, in na yi kaza za ku ɗauke ni horo? Amsar da ya ba ki ita za ta gaya miki wane fom za ki saya. Na ga waɗanda sunka gama mastas da sakamako mai kyau sunka zo neman horon anka ce digirinsu na farko bai dace ba, abin ba daɗi.

Ni a ganina ma, yadda kika kwatanta aikinki, ke mutuniyar al'umma ce ba ta gefen gado ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, Kebbi kuwa kashi 66, a lokacin ita ce kan gaba a ƙasar duka, jihar da ke noma shinkafa da gero ga kifi ga albasa. Wanda zai zauna ya gano dalilin da abinci ke gona amma bai kai cikin yaro ba, aikinsa bai gaza nawa ba.

Auta_Kaura:

Ni dai tambaya ce a kan tambaya, ku yi haƙuri. Yaya Ɗan Yauri to ya anka ce a Amurka sai da mastas ake zama dayatishiyan? Wani abokina ya ce in ka yi mastas nan kana iya tafiya can kai tsaye ka kama aiki.

Ɗan Yauri:

Auta abokinka ya ji rabin zance. Gaskiya ne daga 1 ga Janairun 2024 sai mai digiri na biyu ke iya zama jarabawar rajistar dayatishiyan a Amurka, amma ƙari ne anka yi bisa sharuɗɗan da ke nan, ba musanya ba. Har yanzu sai ka bi tsarin karatun da hukumarsu ta tantance, ka yi horon aiki na aƙalla awa 1000 ƙarƙashin kulawa, sannan ka ci jarabawar. Ingila ma sunan dayatishiyan doka ta kare shi, sai mai rajista da HCPC, hukumarsu ta rajistar ma'aikatan lafiya. Ko'ina dai horon asibitin nan ba a tsallake shi.

Malamin Gusau:

Maman Ikram na yarda da ke amma ban yarda aji ruwan sanyi ba ne, wahalar da kika sha a ƙauye rabinta a ajin dabarun bincike ya kamata a kashe ta, mu malamai ma da namu laifin, muna koyar da shi kamar hadda. Misali ɗaya Malama 'Yar Argungu, kusan kowane ɗalibi sai ya rubuto mutum 384 zai tambaya, ka ce ina ka samo ya yi shiru. Lambar na fitowa ne in ka ɗauka rabin jama'a na da matsalar, wato ba ka da wani adadi a hannu. Ke kuwa in tsumburewa za ki duba a Kebbi kina da 66 ɗin da Ɗan Yauri ya kawo, ki sa ta a lissafin zai ba ki wajen 345, sai ki ƙara na waɗanda za su ƙi amsawa, in kuma unguwa-unguwa za ki ɗiba sai adadin ya ƙaru. Wanda ya gane wannan a aji ba ya rawar murya ranar difens.

Sannan mu nan Zamfara akwai abin da littafi bai faɗa ba. Ɗalibi ya yi ƙuri'a ta fitar mishi da mazaɓar da ko mutanen garin sun kwana biyu ba su kwana gida ba saboda rashin tsaro. Kada ki sa ranki a hanya saboda kundi, kuma kada ki zauna ɗaki ki cike takardun da kanki, ana ganewa, lambobin ƙarya sun cika kyau. Tun a furofozal ki rubuta cewa wuraren da ba a iya shiga an cire su, ga dalili, a amince miki da shi a rubuce.

'Yar Argungu:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah shi biya ku. Na duba CGPA ɗina 3.1 ne ashe da ƙyar na tsallake. Yaya Ɗan Yauri maganarka ta ɗan sosa min rai da farko don farar rigar nan nike hange, amma da na kwana da ita na ga gaskiya ni ranar da na fi jin daɗin aiki ita ce ranar da yaron da munka sallama ya dawo awo damtsensa ya shiga kore. Duk da haka zan shiga Sakkwato in ji da kunnena. Anti Maman Ikram abin da ke cina a wurin aiki shi ne yaran da ke warkewa mu sallame su, bayan wata biyu ko ukku sai ga su an dawo da su kamar ba a yi ba, ko wannan na iya zama batun bincike? Muna da rajistarsu duka.

Maman Ikram (Birnin Kebbi):

Sosai ma, kuma ya fi nawa don kina da adireshin gidajen, ba sai kin yi ta yawon neman yara ba. Amma rajistar nan ba taki ba ce ko da ke ke rubuta ta, sai kin samu izinin asibiti da na kwamitin ɗa'a kafin ki kwafi suna ko ɗaya, kuma ki fara dubawa ko ana cika ta daidai, don in rabin layukan ba a rubuta awon ranar sallama ba aikin ya mutu tun bai tashi ba. Gobe in kin je ki ƙirga na wata shida da sunka wuce ki ga nawa ne cikakku, sai ki dawo ki gaya min adadin mu ga ko zai isa.